Garin Da Ke Ƙarƙashin Ƙunar Hannuna

Jiya da dare, daren da za a wayi gari sunan 'yata, na yi wani mafarki. Amma kafin in kai ku can, bari in faɗa muku yadda na kwanta, don shi mafarki da abin da ka kwanta da shi yake yi maka miya.

Sunana Sallau, gyaran babur nake yi a bakin tasha. Ranar da matata Laure ta sauka, ina tsugune a gindin wani babur aka kawo mini albishir. Na zabura don murna, dantsena na dama ya manne da salansa mai zafi. Fata ta saɓule kamar ɓawon dafaffen dankali. Ko tsayawa ban yi ba. Na yi abin da kowane ɗan gareji ke yi: na kwarara wa wurin man birki, na ɗaure da tsumma, na nufi gida. Haka muka taso muka gani. Sifana ta yanke ka, man birki. Ƙusa ta soke ka, man birki. Har cewa muke yi abin da ya tsayar da mota ba zai kasa tsayar da ciwo ba.

Mun daɗe muna jiran haihuwar nan, ni da Laure. Mutane na cewa 'yar fari kunya ake yi mata. Ni dai tawa kunyar ta ƙare a hanya tun wajen jira.

Da aka miƙo mini jaririyar in yi mata huɗuba, gefen shawul ɗinta ya ɗan shafi dantsena. Ba ma kan ƙunar ba, kusa da ita. Wani zugi ya tsarga mini har tsakiyar ka, hannuna ya saki da kansa. Da ba don Yaya Hansatu, yayar Laure, ta tare ta ba, da yanzu wani labarin ake yi.

Yaya Hansatu nas ce, kuma ba ta maimaita magana.

"Sallau, ba ka ƙara ɗaukar 'yar nan sai na wanke hannun nan na sa masa bandeji."

"Yaya, ai yana warkewa. Kullum da safe ina zuba masa mai."

"Wane man?"

"Na birki."

Ta ce, "Shi ya sa. Naman da ya ƙone yana sakin wasu sinadarai, su ne ke zuwa su zuga jijiyoyin da ke jin zafi a fata, har ta kai iska ma in ta taɓa ka sai ka ji kamar wuta. Kai kuma kullum kana ƙara musu abin faɗa." Ta jero sunayen sinadaran da Turanci, na riƙe rabi-rabi, sauran suka zube.

"Wankin da zafi?"

"Da zafi."

Na ce zan yi shawara.

Shawarar da nake yi ke nan har jiya. Kowa ya ɗauki 'yata. Dangi sun ɗauka, maƙwabta sun ɗauka, har tsohuwar da ke kawo mana daddawa ta ɗauka ta yi mata rawa. Ni kaɗai nake leƙenta daga bakin ƙofa, hannu a sama kamar mai rantsuwa. Jiya na haɗiyi ƙwayoyin da na sayo a kemis, na ajiye kwalbar man birki a gefen tabarma don safe, na kwanta a zaure, ragon suna yana ɗaure kusa da ni yana tuƙa.

Sai ga ni a wani gari.

Ƙasar garin ja ce, mai taushi, in ka taka sai ta lotsa ta dawo. Tana da ɗumi kamar tuwon da aka rufe a kwano. Sararin samaniya baƙi ne mai sheƙi, irin launin jikina, kuma bai yi nisa ba. Bishiyoyi baƙaƙe marasa reshe sun tsiro daga ƙasa, sun huda saman sun wuce abinsu. Ana yayyafi, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama. Na lasa, na ji gishiri-gishiri. Mata sun rataye bokitai a kife suna tarar ruwa. Ban yi mamaki ba. Na dai cire hulata kada ta jiƙe ta ciki.

Can tsakiyar gari akwai wani dogon rami a jikin saman, haske na zubowa ta cikinsa. Na tsaya na ƙare masa kallo. Siffarsa sak salansa.

A gindin wata bishiya wata akuya ce zaune a bayan tebur, da tabarau da gyale.

"Daga ina?"

"Daga waje."

"Kowa haka yake cewa. Sana'a?"

"Bakanike. Ba za a rubuta sunana ba?"

"Mun daina ajiye takarda. Ma'aikata na cinyewa."

"Hajiya, ina ne nan?"

"Dantsen Dama, unguwar Ƙuna. Ka zo a daidai, babura sun gaji."

Ban ga lokacin da na tashi daga gabanta ba. Na tsinci kaina a bakin wani titi ja, 'yan acaɓa suna kwarara a kansa kamar fari. Ba wanda ya ɗauko fasinja. Kowa da buhu biyu a bayansa. Titin kuwa in suka yi yawa sai ya buɗe da kansa ya ƙara faɗi, ya ƙara ja, ya ƙara zafi.

Wani mai jar hula ya ci birki a gabana.

"Oga, duba mini filogi. Tun ranar salansa ban kashe injin nan ba."

Na duba, na hure, na mayar. Na tambaye shi sunansa, ya ce Furosta. Ya nuna wani da ke tuƙi da ƙafa don hannuwansa biyu suna soshe-soshe, ya ce wancan Hista ne, ƙaiƙayi yake rabawa. Waɗanda suka fi yawa kuma, masu tafiya a ayari, 'yan gidan Saito ne. Na ji kamar na taɓa jin sunayen a bakin wata mai farin kaya, amma na kasa tuna ko wace ce.

"Me ke cikin buhun?"

Ya kwance bakin na farko. Wani ihu ya fito, "An ƙone!" Ya yi maza ya ɗaure. Ya kwance na biyu. Kunnuwa ne cike fal, sababbi, suna motsi a hankali kamar ganyen da iska ke kaɗawa.

"Wa ke aiko ku?"

"Gidajen da suka rushe. Duk gidan da wuta ta ci, daga cikinsa muke fitowa da injinmu a kunne. Ba mu da uwa sai ɓarna, Oga. Mu ke kiran magina, mu ke kiran 'yan sintiri, mu ke tashin masu gadi. Hau mu je, zan kai wa Baba nasa."

Na hau. Babur bai motsa ba, garin ne ya wuce ta gefenmu.

Baba Jijiya tsoho ne siriri kamar tsinken tsire. Ƙafafunsa a binne suke a ƙasa har gwiwa, kuma da ganinsu ka san ba yau aka binne su ba. Yana riƙe da wata farar igiya da ta nutse cikin ƙasa. Furosta ya ce ta bi ta kafaɗa, ta bi ta gadon baya, har Birnin Kai, inda mai garin yake zaune. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne kunnuwa. Akwai a goshinsa, akwai a wuyansa, akwai a gwiwar hannu, har a fatar idonsa akwai wani ɗan ƙarami. 'Yan acaɓa sun yi layi. Kowa ya iso sai ya cusa masa goro a baki, ya manna masa kunne ɗaya, ya kwance ihu a gabansa, ya juya.

Na durƙusa. "Baba, barka da aiki."

"Yi a hankali, ɗan nan. Gaisuwarka kamar aradu."

Na rage murya. "Kunnuwan nan fa?"

"A da, biyu gare ni kamar kowa. Ina gyangyaɗina, sai wuta ta taɓa saman ko ƙaya ta huda shi sannan in ja igiya. Aiki mai mutunci. Yanzu dubi yadda yaran nan suka mai da ni. Goro ya hana ni barci, kunne ya hana ni zaman lafiya."

Muna cikin haka wata 'yar audugar rimi ta sauka a bayan saman, ta waje. Ina ganin inuwarta, ba ta fi ƙwayar gero ba.

"Wuta!" Baba ya ƙwala ihu, ya fizgi igiya.

Gari ya girgiza. Bokitan mata suka faɗa sama. Ni kuwa na dafe dantsena na durƙushe, don a nan na ji ta.

"Baba, auduga ce fa!"

"Da kunne biyu auduga ce. Da waɗannan, wuta ce."

Ihun nasa bai tafi a banza ba. Titi ya ƙara buɗewa, ruwa ya tsattsafo ya cika lunguna har gidaje suka kumbura suka matse juna, sababbin 'yan acaɓa suka ɓullo daga kwana da sababbin buhuna. Su suna sa shi ihu, ihunsa yana kiran su. Na duba can nesa, unguwannin da wuta ba ta taɓa ba, na ga masu gadinsu su ma an fara manna musu kunnuwa.

"Waɗancan fa? Ai unguwarsu lafiya lau take."

Furosta ya ɗaga kafaɗa. "Mu ba mu san iyaka ba, Oga. Inda mai ya kai mu, nan muke saukewa."

Baba ya tofar da tuƙar goro, ya kira ni da yatsa.

"Kwanaki wani abu ya shafi saman nan. Laushi gare shi, yana ƙanshin nono da turaren wuta. Ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Na so in yi shiru, wallahi na so. Hannuna ne ya riga ni."

"Ka san abin da ka kusa jawowa?"

"Na sani. Duk garin nan mun ji lokacin da aka saki jaririyar."

Na miƙe zuciyata na tafasa. Kafin in ce wani abu, wasu fararen duwatsu biyu, zagayayyu kamar dutsen niƙa, suka gangaro daga hanyar kafaɗa suka tsaya a mararraba suka tare titi. Masu jajayen huluna duk suka kashe injin. Sauran suka ratsa ta gefe suka wuce. Wasu kunnuwan Baba suka bushe suka kakkaɓe, ya fara lumshe ido.

"Ƙwayoyin kemis ne," in ji Furosta, yana zuba shayi daga tankin babur ɗinsa. "Kullum sai an turo su. Mu 'yan jar hula kaɗai suke tarewa. Mu huta, mu sha shayi, su narke, mu tashi."

Ya miƙo mini kofi. Kafin in kurɓa, duwatsun sun narke kamar ƙanƙara a rana.

Sai ga ni a kan tsani, a bakin ramin da ke saman. Magina ne jere, maza da mata, suna ɗora wasu 'yan tubala masu launin cikin kankana, suna yaɓe da tafin hannu. Daga gefe wasu baƙi sun shigo ta ramin sun kafa bukkoki, 'yan sintiri masu fararen kaya suna dambe da su ba ji ba gani. Wata tsohuwa mai ɗaurin ƙirji, wadda na ga ita ke ba da umarni, ta miƙo mini tubali in riƙe mata.

"Inna, yaushe za ku gama?"

"Kullum muna dab da gamawa."

"To me ke hanawa?"

"Mai Kwalba."

"Wane ne shi?"

"Ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Hannu ne kawai, ƙato, farce baƙi ƙirin. Gari na wayewa zai leƙo ya kwararo wani ruwa mai wari. Shi kaɗai ne ruwan da ke zubowa ƙasa a garin nan. Ya cinye ginin, ya cinye maginan. Daga inda suka faɗi sababbin 'yan acaɓa ke tashi, su je su ƙara wa Baba kunne. Mu da muka saura mu sake daga fari."

Na ajiye tubalin a hankali, na zura hannuwana cikin aljihu.

"Wataƙila taimako yake nufi, Inna."

"Allah ya raba mu da taimakonsa. Da zai bar mu da ruwa mai tsabta da inuwa, da tuni mun rufe ramin nan, yaran nan sun kashe injin, tsohon can ya koma kunne biyu. Kai ɗan nan, me ka ɓoye a aljihu?"

"Sanyi nake ji."

"A garin nan?"

Tsanin ya zama kujera. Kujerar tana cikin wani ofis mai labule, an rubuta a bango da gawayi: Ofishin Shiru. Wani bunsuru ne a bayan tebur, da babbar riga da gemu mai tsini, warinsa ya cika ɗakin har fanka ta gaji ta tsaya.

"Malam Sallau, an ce kana da ƙorafi."

"Ranka ya daɗe, 'yata nake so in ɗauka. Gobe suna. Tsohon nan ya hana ni."

"Ƙaramin abu." Ya jawo durowa ya fito da filaya. Tawa ce, mai jan hannu, wadda ta ɓace mini a gareji tun bara. "Wanki da zafi. Jira da tsawo. Wannan kuwa ƙas ɗaya ne. Ka datse igiya, tsoho ya yi ta ja har Mahadi ya bayyana, ba abin da zai isa Birnin Kai."

"Igiyar zafin kaɗai za a datse?"

Ya yi dariya har gemunsa ya taɓa tebur. "Igiyoyin a kitse suke wuri ɗaya. Ta zafi, ta ɗumi, ta laushi, ta nauyi. Mu a ofishin nan ba ma tsifa. Amma kada ka yanke tukuna. Matse ta kawai ka ɗanɗana."

Igiyar ta biyo ta ƙarƙashin teburinsa. Na sunkuya, na kafa mata filaya, na matse, na bar ta maƙale.

Shiru ya sauka.

Ban taɓa jin shiru mai daɗinsa ba. Na fito waje. 'Yan acaɓa na kwance buhuna, bakin ihu na buɗewa, ba sauti. Baba Jijiya yana ta fizgar igiya kamar mai jan guga a busasshiyar rijiya. Na mari dantsena. Ba komai. Na sake mari. Kamar na mari katifar maƙwabci.

Sai ga Laure tana tahowa cikin yayyafi, da zanen jego, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

"Maigida, ungo 'yarka. Hannuna ya gaji."

Ta ɗora mini ita a dantsen dama, daidai kan ƙunar, ta juya ta shige cikin wata bishiya ta rufo ƙofa.

Na ɗauki 'yata. Jama'a, na ɗauki 'yata! Na bi titi da ita ina taku ɗai-ɗai kamar ango. Na ratsa kasuwa inda ake sayar da inuwa a mudu. Na gaida mata masu bokiti. Ina tafe ina yi mata waƙar da ban san na iya ba, kaina a sama, ina so kowa ya gani. Har na zagayo gindin bishiyar farko, wurin akuya mai tabarau.

Ta leƙo ta saman tabarau. "Malam, shawul ɗin nan in ba ka so, a ba ni in ci."

"Wane irin ci, Hajiya? 'Yata ce a ciki."

"Wace 'yar?"

Na duba. Shawul ne kawai a naɗe a hannuna, ba kowa a ciki. Ban ji lokacin da ta zame ba. Ban ji nauyinta ya ragu ba, don tun farko ban ji nauyin nata ba.

"Duba sama," in ji akuya. "A garin nan abin da aka saki sama yake faɗawa."

Tana can tana tafiya tare da yayyafi, a hankali, tana barcinta, 'yan hannuwanta a dunƙule. Ramin ta nufa.

Na rungumi wata baƙar bishiya na fara hawa. Santsi gare ta, ga gishirin ruwa yana shiga mini ido. Na hau, na zame, na sake hawa, har na zo daidai da ita. Na maƙale bishiya da hannun hagu, na miƙa na dama. Da idona na ga yatsuna sun taɓa diddigenta. Amma hannun bai san ya taɓa komai ba. Na damƙe, na damƙi iska. Na sake, ta sulluɓe. Yatsun ba su san inda take ba, ba su san yadda za su riƙe ba. Kamar in kama ƙwai da sandar wani.

Sai haske ya dushe. Wata inuwa ta rufe ramin.

Daga ƙasa na ji muryar tsohuwar magina, ban san yadda ta ratso shirun ba. "Ga shi nan! Ku sauka daga tsani!"

Hannu ne ƙato, ya cika sama. Farce baƙi ƙirin. A babban yatsan akwai tabon da sarƙar babur ta yi mini ina koyon aiki. Yana riƙe da kwalba, ya fara karkata bakinta, kuma 'yata tana daidai ƙarƙashin bakin.

"Sallau!" na ƙwala. "Kai Sallau! Tsaya!"

Kwalba ta ƙara karkata. Na ga ɗigon farko ya taru a bakinta, yana sheƙi.

"Ba ya jin magana, Oga!" Furosta ne daga gindin bishiya, ya kafa hannu a baki. "Yayar matarsa ma ta yi ta gaji! Igiya kaɗai yake ji!"

"To ku cire filayar!"

Bunsuru ya leƙo ta tagar ofis, yana tauna labule. "Malam Sallau, ka yi tunani. Duk abin da tsohon nan ya ja tun ɗazu yana nan a taru. Gaba ɗaya zai iso."

"Na sani."

"Za ka ji a jikinka."

"A jikin wa kake so in ji? Furosta, cire!"

Furosta ya ta da babur, ya shige ofishin ta bango, ya fito da filaya a haƙoransa.

"Baba!" na ce. "Ja!"

Baba Jijiya ya tofar da goro. Ya tofa yawu a tafin hannu. Duk kunnuwan jikinsa suka miƙe tsaye. Ya ja.

Wuta ta tashi daga wuyan hannuna ta bi dantse ta bi kafaɗa ta fashe a cikin kaina. Na ga fari, na ga ja. Amma a tsakiyar wutar nan akwai wani ɗan abu mai ɗumi, mai laushi, bai fi ƙwallon goriba ba, yana zaune a tafin hannuna. Diddigenta ne. Na ji shi. Yatsuna suka rufe a kansa da kansu, daidai yadda ya kamata, ba matsi ba sako-sako. Na jawo ta na manna a ƙirji, ƙunar tana ci, ban saki ba.

A sama kuwa ƙaton hannun ya zabura kamar an sa masa garwashi. Kwalba ta kuɓuce. Ta juya a iska, ta juya, ba ta faɗo mana ba, ta faɗa can waje, ta bugi wani abu.

Ƙwaram!

Na buɗe ido. Ragon suna ne ya tsinke igiya, ya tunkuyi kwanon dusarsa, kwanon ya ture kwalbar man birki, man yana malala a ƙasan zaure yana bin hanyar ƙofa. Ni kuma na juya cikin barci na danne dantsen da ƙirjina. Gari ya waye. A cikin gida ana daka, wata na faɗa a kan wa ya ɗauke mata ludayi.

Yaya Hansatu ta leƙo da buta a hannu. Ta dubi rago, ta dubi man, ta dube ni.

"Ragon nan ya fi ka hankali."

"Yaya."

"Na'am."

"Wankin nan, har yanzu da zafi?"

"Ya ƙaru."

"To a kawo ruwan."

Ta koma ta fito da akwatinta na magani. Na cusa hulata a baki. Abin da ya biyo baya, waɗanda suka fara isowa ɗaurin suna sun ji shi daga waje, har liman ya tambaya ko an riga an yanka ragon ne. Da ta gama ta naɗe hannun da farin bandeji, ta ce ana watsewa za mu asibiti a duba, kuma in ta ƙara ganin kwalba a gidan nan ni da ita ne.

Sannan ta shiga ɗaki ta fito. Ta sa mini matashi a hannun hagu, ta kwantar da 'yata a kai.

Nauyinta bai kai na kabureta ba. Tana ƙanshin nono da turaren wuta. Ta yi miƙa, ta yi hamma, ta harba ƙafa, ɗan diddigen nan ya sami bandeji daidai tsakiya.

Zugin ya tafi har tsakiyar kaina. Na runtse ido, na ƙara riƙe ta.

A raina na ce, sannu da aiki, Baba, na ji. Amma wannan auduga ce.